Doka ta Bakwai

Malam yana cikin ɓamɓare ƙusa ta biyu daga jikin kwalin dokokin aji sai Hedimasta ya sake leƙowa.

"Har yanzu ba ka cire ba? Motar mai duba makarantu ta shigo fa."

"Yanzun nan, ranka ya daɗe."

"Tun farkon zango nake gaya maka. Yara su rubuta maka doka, kai kuma ka sa hannu a ƙasa. In ta gani me za ta ɗauke ka? Malami ko ɗan kallo?"

Malam ya naɗe kwalin ya tura cikin durowa. 'Yan aji arba'in da uku suna kallonsa.

Shekara biyu ke nan yana koyar da lissafi a matsayin gwaji. Rahoton yau ne zai sa a tabbatar da shi a aiki, ko a sallame shi. Matarsa, da cikinta wata takwas, sau biyu ta goge masa riga da safen nan.

Kwalin kuwa aikin yaran ne. A makon farko ya raba musu 'yan takardu, ya ce kowa ya rubuta abin da ke hana shi magana a aji. Fiye da rabi abu ɗaya suka rubuta: tsoron a yi musu dariya. Daga nan suka tsara dokoki goma, suna ɗaga hannu a kan kowace. Ta bakwai ta ce duk wanda ya kunyata wani don ya yi kuskure, zai tashi ya ba shi haƙuri a gaban aji kafin a fara darasi. Monitar ajin, wadda suke kira Lauya saboda gardama, ita ta ƙara kalma uku a ƙarshe: har da Malam. Ya yi dariya ya sa hannu. Tun daga ranar, yaran bencin baya ma suka fara fitowa allo.

Sai jiya. Suna bitar darasin yau, wata ɗaliba da ake kira 'yar tela ta kuskure lissafi ɗaya har sau uku. Yarinya ce mai sanyin murya, wadda sai a bana ta fara ɗaga hannu. Zuciyarsa tana kan mai dubawa, sai kawai ya ji bakinsa ya ce, "Je ki zauna. Kanki bai wuce ɗinkin maɓalli ba, gara ki koma shagon babanki." Ba wanda ya yi dariya. Aka kaɗa ƙararrawa. Ya yi niyyar gyara abin da safe, sai ga motar ta riga shi.

Mai dubawar ta shigo, dattijuwa ce mai farin tabarau. Ta amsa gaisuwa, ta zauna a baya da fayil a cinya. Hedimasta ya tsaya a bakin taga ya harɗe hannu.

Malam ya rubuta a allo, allin yana zamewa a gumin yatsunsa.

"Rabi a haɗa da kwata, nawa ke nan? Wa zai gwada?"

Shiru. Ko motsin benci babu.

"Dogo, kai fa?"

Dogo ya miƙe, ya ƙura wa takalminsa ido. Yaron da kullum sai an roƙe shi ya bar wa wasu dama.

Sai Lauya ta ɗaga hannu. Malam ya ji sanyi a ransa.

"Yawwa, monita."

"Malam, ai ba mu fara ba tukuna."

Hedimasta ya yi gyaran murya mai ƙarfi. Mai dubawa ta ɗago kai.

Malam ya san yana iya daka wa Lauya tsawa ta zauna. Za su amsa tambayoyin, ɗaya-ɗaya, da murya kamar ta marasa lafiya, kuma daga yau kwalin ya zama shara. In kuma ya bi dokar, to da bakinsa zai shaida wa mai rubuta rahoto cewa ya zagi ɗaliba. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan ci masa rai: in ya ba da haƙurin yanzu, don yarinyar zai yi, ko don hannaye su tashi a gaban baƙuwa? Ya laluba zuciyarsa, bai iya rabe su ba.

Ya ajiye allin.

"Hajiya, a yi min uzuri na minti ɗaya. Ajin nan yana da doka, kuma ni na karya ta." Ya juya. "'Yar tela, jiya na gaya miki maganar da ba ta dace ba. Ban kyauta ba. Ki yi haƙuri."

Ta miƙe a hankali, tana murza bakin littafinta.

"Na ji, Malam."

"Kin haƙura?"

Ta ci gaba da murza littafin. Wata a gefenta ta ɗan zungure ta.

"Ba yau ba, Malam. Yau don akwai baƙuwa ne."

"Ke!" in ji Hedimasta daga taga.

"A bar ta, ranka ya daɗe," Malam ya ce.

Lauya ta sake miƙewa. "Dokar cewa ta yi a ba da haƙuri, ba ta ce dole a karɓa ba. Yanzu mun fara, Malam. Kashi uku cikin huɗu ne."

Hannaye suka tashi. Dogo ya fito allo ya yi kuskure, wani ya gyara masa, Dogo ya ce ai gwada su yake yi, aka yi dariya har da shi. Darasin ya tafi yadda Malam bai taɓa ganin ya tafi ba, shi kuwa bai ji daɗinsa ko kaɗan ba. Hannun 'yar tela yana kan benci har aka tashi.

Yara suka fita hutun tara. Hedimasta ya wuce ofis ko kallonsa bai yi ba. Saura 'yar tela, don yau ita ke da goge allo.

Mai dubawa ta tsaya a gaban teburinsa, ta buɗe fayil, ta cire murfin biro.

"Akwai gurbin da zan cike a nan, Malam. Me ka ce mata jiya?"

Amsoshi masu sauƙi suka taru a bakinsa. Na ɗan yi mata faɗa. Na ɗaga murya. Babu ƙarya a ciki, kuma ya ga alamar matar za ta karɓa, don har ta duba agogo.

A bayansa ya ji ƙarar dastar goge allo ta tsaya.

Ya maimaita maganar yadda ya faɗe ta, har da maɓallin, har da shagon. Mai dubawa ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ya sake faɗa a hankali, tana so ta rubuta daidai.

Ya sake faɗa.