Ƙarfen Baba Kwaji

A Lokuwa kowa da abin da yake faɗa a kan Baba Kwaji. Mai shayi ya ce tun da korona ta rufe makarantu kansa ya taɓu. Matan bakin famfo suka ce taurin kai ne kawai. Matarsa Miriyamu kuwa cewa take yi, "Ku bar shi, wa ya daka?"

Shekara goma sha huɗu yana gadin wata makarantar kuɗi, shi ne kuma mai buga ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin bishiyar dogon yaro. Da aka rufe, mai makarantar ya ce babu ɗalibai, babu albashi. Kowa ya watse, ban da Kwaji. Bakwai da rabi ya buga, goma ya buga na fita tara, ɗaya da rabi ya buga na tashi. Filin kuwa sai awaki.

Harun tela, wanda shagonsa ke kallon makarantar, shi abin ya fi ci wa rai. Ɗinkin kayan ɗalibai ne abincinsa, ga keke ya yi wata biyu a rufe. Duk bugu ɗaya sai ya ji kamar gori ake masa. Ran nan da la'asar ya kwance ƙarfen, ya gangara da shi ƙarƙashin teburin yanka, ya rufe da ƙyallaye.

Washegari Kwaji ya daɗe tsaye gaban igiyar, guduma a hannu. Can ya tsallako.

"Tela, yau wane rana?"

"Litinin ce, Baba."

"Litinin. To an tashi ne, ko ba a shiga ba?"

 Kafin azahar sau uku Kwaji yana dawowa da tambayar. Bayan kwana biyu ya daina fitowa.

Miriyamu ce ta zo, takunkumi a haɓa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Harun, ba ka ga wanda ya ɗauka ba? Ko 'yan gwangwan ne?"

"Allah masani, Mama."

"Da in ya buga, zai dawo ya yi wanka, ya ci ko kunu ne. Yanzu yana zaune yana tambayan bango ƙarfe nawa. 'Yan'uwansa za su zo daga Michika ran Asabar. Wai gidan addu'a za a kai shi, a sa masa sarƙa." Ta gyara zani. "Mutumin da ko kaza bai taɓa kora ba."

Yatsan ƙafar Harun na taɓa sanyin ƙarfen. Bayan ta tafi ya tashi zai yi alwalar azahar, sai ya ji ana kiran la'asar. Ya tsaya da buta a hannu. Jiya ma haka aka yi, ko shekaranjiya ce? Ashe shekarun nan da bugun tashi yake tashi salla.

Ran Juma'a da safe ya gangaro da ƙarfen tsakiyar layi, mai shayi na kallo, matan famfo na kallo, har ƙofar gidan Kwaji. Tsohon na zaune a kan benci cikin rigar gadi, maɓallan a harɗe. Ya dubi ƙarfen, ya dubi Harun.

"A ina ya je?"

Harun ya durƙusa.

"Ba inda ya je, Baba. Ni na ɓoye shi. Don Allah ku yafe mini."