Ranar da A-kori-kura Ta Durƙusa wa Welo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, tun ina ƙarama aka cire ni daga makaranta muka riƙa bin aikin gona daga jihar Texas zuwa jihohin arewa, kuma ko a cikin gida ni ba mai magana ba ce. Amma kakana, wanda muke kira Welo, ya ce in ban rubuta ba ɗan kawuna Efraín zai ba da labarin a gareji, kuma a bakinsa shi ne zai zama gwarzo.

Welo yana da tsohuwar a-kori-kura shuɗiya wadda ta girmi mahaifiyata. Da ita yake sayar da kankana a bakin titin garin Falfurrias. Tun da daɗewa ya ƙara mata sifirin saboda kaya, ta yi tsayi kamar doki. Da aka yi masa aikin ƙugu sai hawanta ya gagare shi. Sau ɗaya ya gwada, ya zame, muka tare shi.

Kawu Ramiro ya ce akwai wani mutumin garin McAllen da ke son motar. In kankana ta nuna Welo bai iya shiga da kansa ba, zai sayar, don ba zai zuba ido tsoho ya karye a tsakar gida ba. Welo bai yi musu ba. Ya dai daina cin naman Lahadi, kullum ya zauna a baranda yana kallon motar.

Ran Lahadi samari kan jera motocinsu a filin wankin mota. Su taɓa makunni, iska ta yi huci, mota ta kwanta har cikinta ya shafi kwalta. Efraín, ɗan Kawu Ramiro, mai walda ne, kuma yana cikinsu. Na daɗe ina juya maganar kafin na same shi na ce ina so mu sa wa motar Welo jakunkunan iska irin nasu, don ta riƙa sauko masa.

“Ikon Allah, yau bebiya ta yi magana,” in ji shi. “Idalia, kin san tsadar kayan nan kuwa? Ko tortiyar da kike gasawa za ki biya da ita?”

Na ce ba sabbi nake nufi ba. Wurin ’yan gwangwan muka je, muka ciro jakunkunan roba da tukunyar iska daga wata matacciyar tirela. Injin hura iska kuwa, na na'urar sanyaya cikin wata tsohuwar mota muka ciro muka mayar. Makunnin lantarki ya fi ƙarfinmu, sai muka sa famfunan hannu a ƙarƙashin sitiyari. In na tashi daga shagon da nake gasa tortiya, wato gurasar masara, sai in shige ƙarƙashin mota. Ni ce mai kankare tsatsa da jan tiyo, shi ne mai wuta. Faratana duk suka kakkarye.

Ranar da muka zo kan ƙafafun baya, Efraín ya zo da abokansa biyu da injin yanka ƙarfe. Ya zana layi da alli a jikin shasi da kuma tsakiyar bodi. Wai sai an yanke wurin kafin mota ta kwanta sosai. Na tambaye shi ina za a zuba kankana in an huda bodi. Suka yi dariya. Ɗayansu ya ce motar da ba ta shafi ƙasa ba ai ba a sauke ta ba, tsokanarta kawai aka yi, kuma za a yi musu dariya ran Lahadi.

Na shiga kicin na ɗauko doguwar kujerar da Welo ke zama tun da ya dawo daga asibiti, na dasa ta a gefen ƙofar motar.

“Likita ya ce kada gwiwarsa ta fi ƙugunsa tsayi,” na ce, idona a ƙasa. “In ta kwanta zai zauna, amma ba zai iya tashi ba. Daidai kujerar nan za ta tsaya.”

“Haba, ’yar’uwa. Duk wahalar nan a tsaya rabin hanya? Da wane ido zan kalli mutane?”

“Da na walda,” in ji Welo daga baranda. “Kai, ɗan nema, in ka yanka min mota sai na yanke maka gashin bakin nan da bai gama fitowa ba.”

Efraín ya yi ta gunaguni, amma ya goge allin da hannun rigarsa. Ya auna kujerar, ya liƙa waigin ƙarfe da roba a inda motar za ta tsaya in an saki iska.

Kankana ta nuna. Ran Lahadi da rana Kawu Ramiro ya zo ya harɗe hannu a bakin ƙofa. Na shiga, na murɗa famfo. Motar ta yi huci, ta sauko a hankali kamar mai gaida babba, ta tsaya. Na fito. Welo ya taho da sandarsa, ya hana kowa taɓa shi. Ya juya baya ya zauna, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya shigar, sannan ɗayar. Ya shafa sitiyari. Bayan haka ya fito, ya miƙe da kansa, ya sake shiga, wai ko akwai wanda bai gani ba.

Kawu ya ce to kaya fa? Muka loda buhunan taki, shi da Efraín suka hau kai. Na tayar da mota, na hura iska, ta ɗaga su duka. Kawu ya sauko yana kakkaɓe wando, ya buga wa mutumin McAllen waya ya ce ya nemi wata.

Da yamma muna cin nama, Welo har da neman ƙari, sai na hango ƙafar baya ta hagu ta ɗan sunkuya. Kawu ma ya gani. Ya ce da ni a hankali, in ta zube da tsoho a kan titi, maganar sayarwa za ta dawo. Efraín ya ce kayan gwangwan ne, dole su yi yoyo.

Washegari da sassafe na kaɗa sabulun wanke-wanke a kofi, na kwanta ƙarƙashin motar ina shafa wa tiyo gaɓa-gaɓa. Kusa da salansa kumfa ta tashi, zafi ne ya cinye robar. Na yanke wurin na sa sabo, na janye shi nesa da zafin na ɗaure. Da na fito, Welo na tsaye da malafarsa, yana tambaya ko kankanar ce za ta loda kanta.