Tabon da Kwalli Take So

Shagon gyaran gashin da nake aiki ɗaki ɗaya ne, da madubai a bango, da talabijin a maƙale saman wurin wankin kai. Ba a kashe shi. Anti, mai shagon, ta ce da an kashe shi mata suke fara jin zafin kitso.

'Yata Kwalli nan take zuwa in an tashi daga makaranta, don ba ni da wanda zan bar wa ita. Babanta ne ya sa mata sunan, wai baƙinta har sheƙi yake yi. Tana da kujerarta ta roba a bayan ƙofa. Ni kuma rimot a aljihun rigata yake zama. Da na ga namiji ya matso kusa da mace a fim, sai in canza tasha, ko da hannuna duk kumfa ne.

"Ke dai kin cika tsaro," in ji wata mai zuwa shagon, matar direba, wadda ba ta fashin wankin kai. "Ana tsakiyar daɗi ki kai mu wajen masu hasashen ruwan sama!"

"Akwai yarinya a wurin, Yaya."

"Yarinyar da ta fi ki sanin labarin?"

Wani fim ne mai dogon zango suke bi da rana. Tauraruwar fara ce tas, ita kowa yake so. 'Yar aikin gidan baƙa ce, ita ke satar sarƙa, ita ke zuba magani a shayi. Da ta fito sai shago ya ɗauka: "Ga baƙar muguwar nan!" A wannan wurin ba na taɓa rimot, tunda ba wanda ya rungumi wani.

Wata rana Kwalli ta jera kwalabe a ƙasa tana wasa. Farar kwalbar shamfu ce amarya, baƙar kwalbar rini tana shara.

"Mama, ni wacce ce?"

"Ke ce amarya mana."

"A'a. Ba a yin haka."

Na buɗe baki zan yi magana, matar da na shafa wa rilaksa, man miƙar da gashi, ta ce kanta ya fara zafi. Na ruga da ita wurin wanki.

Anti tana sayar da man ƙara haske da take haɗawa da kanta. Akwai wata ƙaramar kwalba da take ajiyewa a kabad ɗin ƙarƙashin famfo, ɗigo kaɗan take sawa a babbar roba ta juya. A gaban kowa take yi. Matar direba takan miƙa hannu a haske ta ce, "Anti, haɗin nan ya karɓe ni, jiya sai da maigida ya sake kallo."

Ranar ina tsakiyar kitso na ji ihu daga bayana. Kwalli ce, ƙaramar kwalbar a ƙasa, kuncinta na dama ya yi jajur yana tashi. Shafawa ta yi, ba ta haɗa da komai ba. Na sunkuyar da ita ƙarƙashin famfo na sakar mata ruwa, tana fizgewa ina dannewa, sannan na saɓe ta sai asibiti, ko takalmi ban sa ba.

A ɗakin jira ma akwai talabijin. Fim ɗin ne, ana marin 'yar aikin. Na juya kujerarmu ta kalli bango.

Nas ta ce Allah ya taimaka bai shiga ido ba. Ta ce wurin zai yi fari tukuna, amma in ana shafa magani safe da yamma, ana kare shi daga rana, launin zai iya dawowa a hankali.

Anti ta zo dubiya da lemo a leda. Ta leƙa fuskar ta ce, "Kar ki damu, ƙanwata. In ya warke zan haɗa mata mai sauƙi, sauran fuskar ta daidaita da wurin." Da gaske take, taimako take nufi. Na karɓi lemon na gode. Ban sake komawa shagon ba. Yanzu a gida nake kitso, talabijin ɗinmu yana bayan gado a rufe da zane.

Da aka cire bandeji, tabon ya fito fari-fari, kamar tafin hannunta. Na same ta a gaban madubi ta kare sauran fuskar da hannu, ta bar wurin kaɗai. Murmushi take yi.

"Mama, kin gani? Ya fara."

Na ce mata ita kyakkyawa ce tun ranar da aka haife ta. Na ce masu fim ne suka zaɓi wa zai yi shara, kuma ƙarya suke yi. Ta saurare ni da ladabi, irin sauraron da ake yi wa babba in ya yi kuskure.

Ta san aikin maganin, don a gabanta nas ta faɗa. Jiya ta madubi na ga ta goge shi da gefen riga da na juya baya. Yau da safe na riƙe haɓarta na shafa, na zauna da hannayenta cikin nawa har ya bushe. Wurin ya daina ciwo tuni, amma kuka take yi.