Yatsun Batulu Mai Lalle

Duk Matameye babu wanda ya taɓa ganin tafin hannun Batulu fari. Shekara ashirin da biyu tana sana'ar lalle. Takan sayo ganyen wajen masu garka na Kurni da Ɗan Barto, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe har sau uku kafin ta ƙulla. Kuma ba ta sayar da sabon daka sai ta gwada shi a hannunta. In mai saye ya tsaya yana cewa wai lallen wance ya fi kamu, ba ta ɓata bakinta, yatsu kawai take buɗe masa ya gani.

Wannan lallen ne ya jawo mata maganar tafiya. Akwai wata Saratu, ƴar garin ce da aure ya kai ƙasar Turawa, ta buɗe shagon kayan kwalliya a can, kuma lallen Batulu take aikowa a kai mata. To, sai ga baje koli na kwana huɗu za a yi a birninsu. Saratu ta kama tebur, ta ce lallai mai lallen ta zo da kanta, domin manyan masu saye sun fi yarda in sun ga mai abu. Biza ta kwana goma sha biyar kawai ake bukata. Yadda Saratu ta faɗi kalmar "kawai" a waya, sai ka ce goro za a je saye a bakin tasha.

Wata guda Batulu ta yi tana zarya shagon Idrisa, mutumin da ke cika wa jama'a takardu da ordinater, wato kwamfuta. Yau takardar gayyata, gobe asiransi, wato inshora, jibi hoto. Hoton ma sau uku ana sake shi, wai kallabi ya rufe goshi, wai ta karkata kai, wai ta yi murmushi. Da aka zo kan takardar da za ta nuna cewa za ta dawo gida, sai da ta ajiye jakarta ta dubi Idrisa.

"In kawo shaidar zan dawo? To wa zan bar wa turmina da mijina?"

"Ba ni na ce ba, Batulu, haka dosiyen takardun yake," in ji Idrisa.

A ƙarshe dai dosiye ya cika, aka samu randebu, wato ranar ganawa, a ofishin biza da ke Yamai. Ana jibi tafiya, Batulu ta yi abin da kowace mace mai mutunci za ta yi in za ta gaban manya. Ta kwaɓa lallenta mafi kyau, ta yi ƙunshi, ta maimaita washegari, har yatsun suka yi jajir suna neman komawa baƙi. Mijinta Sallau, wanda ke gyaran kekunan ɗinki a kasuwa, ya duba ya ce ko Turawan sun ƙi ba da biza, ai sa sayi lalle.

Daga Matameye zuwa Damagaram, daga Damagaram yini guda cur a cikin babbar motar kar har Yamai. Ta isa ƙafafu a kumbure, ta sauka gidan wata ƴar uwa, da safe ta bi layi. Da aka kira lambarta, wani ma'aikaci mai ɗaure da karabat a wuya ya karɓi takardun ya juya su ɗaya bayan ɗaya, bai sami kuskure ba. Sai ya nuna mata wani ɗan gilashi mai koren haske ya ce ta ɗora yatsu huɗu. Ta ɗora. Na'urar ta yi ƙara. Ta sake, ta danna har kafaɗarta ta amsa, na'urar ta sake ƙara. Sai a lokacin ya dubi hannun nata, ya ja tsaki.

"Madam, da wannan abin a hannu kika zo? Ba a ɗaukar zanen yatsu da lalle. Ki je sai ya fita, ki nemi wani randebu."

Ta buɗe baki za ta ce masa ko ranar yin fasfo sai da aka sha fama da yatsun nan kafin a sallame ta, amma ya riga ya danna lamba ta gaba. Tafiyar kwana biyu, magana ba ta kai minti huɗu ba. Ta fito ta tsaya a rana tana duban hannayenta, takaici kamar ya kashe ta.

Sabon randebun da Idrisa ya samo ya faɗa bayan mako biyar, ranar wata Litinin. Daga shi kuwa babu wani kafin baje kolin. In wannan ya kuɓuce, tebur ɗin Saratu sai dai ya zauna babu mai shi.

Nan Batulu ta shiga yaƙi da sana'arta. Ta goge da lemun tsami, ta goge da toka, ta jiƙa a ruwan omo. Lallen ya ce bai san zancen ba. Abin haushin shi ne ba ta da wanda za ta zarga, domin ita ta daka shi, kuma da bakinta take cika wa mutane baki cewa nata ba ya fita da wuri. Sai a mako na uku ya fara sakin fata. Ta sayo safar hannu ta roba a farmasi, da ita take tankaɗe, da ita take ƙulli, gumi na taruwa a ciki.

Da hannun ya yi fari kuma sai wata sabuwa ta ɓullo. A garin nan macen da aka saba gani da lalle ba ta barinsa haka kawai, sai in takaba take. Mata suka fara gaishe ta da sanyin murya a hanya. Masu saye suka riƙa juya ƙullin suna tambaya ko lallen ya lalace ne, tunda mai shi ma ta daina sawa. Wata safiya wata tsohuwa ta taso tun daga Icirnawa, ta yi sallama tana share hawaye da bakin mayafi, tana "Allah Ya jiƙan Sallau, mutumin kirki," sai ga Sallau zaune a tsakar gida yana shan koko da ƙosai.

"Amin, Iya," in ji shi. "Amma ki bari in ƙarasa kokon."

Shi dariya abin ya ba shi har da ƙwarewa. Batulu kuwa ta cika ta yi fam, ranar ko abincin rana ba ta ci ba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke tafe. Akwai Najaha, ɗiyar yayarta da ta rasu, wadda Batulu ta ɗauko tana shekara huɗu ta riƙe har ta zama malamar makaranta. An daɗe da sa ranar aurenta da wani malami ɗan'uwan aikinta a Kurni, tun kafin a san da wata biza a duniya. Ranar sa lalle ta faɗo Alhamis, kwana huɗu kafin randebu. A gidan su Batulu kuwa, tun kakanni, wadda ta raini yarinya ita ke cusa hannu cikin ƙwarya ta ɗebo lallen fari ta shafa mata. Najaha tun tana ƙarama take zama gefen turmi tana cewa, "Inna, ranar nawa ke za ki sa mini, kuma wanda kika tankaɗe sau huɗu."

Batulu ta tankaɗe shi sau huɗu. Wannan kam ta cika. Amma ranar Laraba ta kira Najaha ɗaki ta zaunar da ita.

"Kin ga halin da nake ciki. In na taɓa jiƙaƙƙen lalle gobe, Litinin hannuna ja ne. Zan sa safa in shafa miki."

Najaha ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Gwaggonta Shekara, ƙanwar mahaifinta, wadda ta zo biki kuma kunnenta bai taɓa barin ƙofar ɗaki ba, ta ɗaga labule ta shigo.

"Safa? A gaban dangin miji? Ki shafa wa amarya lalle da roba kamar mai wankin miki? Su ce ƙyamarta kike?"

"Shekara, ba da ke nake ba."

"Ai dole ki yi da ni, ɗiyar wana ce."

Batulu ta juya wajen Najaha, tana jiran yarinyar ta fitar da ita. Najaha ba ta ɗago ba. Ta ce a hankali, "In da safa ne, Inna, ki bari kawai. Ki je ki samo bizarki. Gwaggo ta sa mini."

Da ta yi kuka ko ta yi faɗa, da ya fi wa Batulu sauƙi. Ranar Alhamis gida ya cika, ana guɗa, ƙawaye sun rufe amarya da mayafi. Shekara ta naɗe hannun riga ta cusa hannu cikin ƙwaryar har wuyan hannu, tana ɗaga murya don kowa ya san ita ce. Batulu na tsaye bakin madafa, ta ɓoye fararen hannayenta cikin mayafi, tana ba da umarnin a ƙara gishiri a miyar da ba ta bukatar gishiri. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ta san da kanta take fushi. Aka ɗaura aure Juma'a, aka kai amarya Kurni Asabar, Lahadi da asuba ta kama hanyar Yamai.

Wannan karon wata mata ce a wurin, dattijuwa mai tabarau, da Hausa a bakinta. Batulu ta shimfiɗa hannayen a kan tebur tun kafin a tambaye ta, fari tas, ko a kan yatsu babu ɗigon ja. Ta ɗora yatsu huɗu a gilashin. Na'urar ta yi ƙara.

Ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Ta sake. Ƙara. Matar ta ba ta wani mai ta shafa, ta sake ɗorawa, ƙara dai. Sai matar ta kamo hannun ta juya shi, ta kusanto da shi ga tabaraunta, ta shafa kan yatsun da babban yatsanta.

"Wace sana'a kike yi, baiwar Allah?"

"Lalle nake dakawa."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da biyu."

"To ai shi ne. Taɓarya ta cinye zanen yatsunki, sun yi sumul. Ke ko da madara kika wanke hannu, na'urar nan ba za ta ga komai ba. Muna samun irinku, masu wanki da magina."

Ta juya ga ordinater, ta danna wani wuri, ta jawo wata ƴar takarda ta buga mata hatimi. Ta ce akwai gurbin da ake cikawa ga wanda yatsunsa ba sa ɗaukuwa, shi ke nan, dosiye ya wuce.

Batulu ta daɗe tana kallonta. "Yanzu da lallen da babu lallen duk ɗaya ne?"

"A wurinki dai ɗaya ne."

"Ranar da na fara zuwa fa?"

Matar ta ɗan ɗaga kafaɗa. "Da an duba hannun da kyau, da tun ranar an gama."

Maganganu sun zo wa Batulu har maƙogwaro. Ta leƙa ko za ta hango mai karabat ɗin nan, ba ya nan, wai ya tafi hutu. Ta so ta ce wa matar an yi wa mijinta ta'aziyya yana raye, ta so ta ba ta labarin ƙwaryar da Shekara ta cusa wa hannu. Amma matar ba ta yi mata laifin komai ba, kuma lamba ta gaba ta riga ta taso. Ta ce na gode, ta fito. Bizar ta fito bayan kwana tara, an kuma yi baje kolin da ita, sai dai a ranar nan ko da an miƙa mata ita a hannu ba za ta yi murna ba.

Da ta sauka Matameye ranar Laraba da hantsi, ba ta ko zauna ba. Ta ɗebi ragowar lallen nan mai tankaɗe huɗu a leda, ta hau kabu-kabu zuwa Kurni. Ta tarar da Najaha ita kaɗai a ɗakinta, cikin sababbin kwanuka da ƙamshin turaren wuta. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa.

"Inna, an dace?"

"An karɓa." Batulu ta kurɓi ruwan ta ajiye. "Ashe ba lallen ba ne ma. Wai yatsuna ne suka shafe. Da na sa miki da hannuna, da babu abin da zai canza."

Ta faɗe shi a tsaye haka, domin ba ta san yadda za ta lanƙwasa shi ba. Najaha ta matso kusa. Ta miƙo hannunta na dama ta ɗora a gwiwar Batulu. Ƙunshin ya kama da kyau, yatsu huɗu jajir har sun yi duhu. Ƙaramin yatsan kuwa fari ne, ko ɗigo babu.

"Na naɗe shi cikin tafina ranar," in ji Najaha. "Gwaggo ta yi ta faɗa, na ƙi buɗewa. Na ce wannan na Inna ne, in ta dawo."

Batulu ta dubi yatsan, ta kau da kai wajen kwanukan, ta ce wa ya jera su haka a karkace. Sannan ta kwance ledar, ta ce a ba ta ƙwarya da ruwan ɗumi. Najaha ta miƙo mata cokali don kwaɓawa. Batulu ta ture cokalin gefe, ta naɗe hannun riga, ta cusa yatsunta goma a ciki.