Tsofaffin Kuɗin Baba Datti

"Ku ɗaga a hankali mana!" in ji Baba Datti. "Ai ba buhun masara ba ne."

Ba wanda ya kula shi. Ɗansa Siddiq da wani mai baro suka kinkimo akwatin ƙarfe na farko suka dire shi a tsakar gida, abin da ke ciki ya yi ƙara kamar an juye tsakuwa. Mu'azu na tsaye gefe da katifarsa a naɗe, yana jira a kwashe kayan ya shiga. Shi ne sabon ɗan haya. Daga Kano aka maido aikinsa Abuja, a shekarun da ma'aikata suka yi ta kwararowa Suleja har ɗaki ya gagari mai ƙaramin albashi. Ya sha yawo kafin ya samu wannan a unguwar Wambai, ga matarsa Sumayya can gidan iyayenta da tsohon ciki, tana jiran ya aika ta taho.

Ɗakin kuwa shekara da shekaru ba mai kwana a cikinsa sai tsofaffin kuɗin Baba Datti. Tsohon ya yi aiki a baitulmali tun zamanin En'e, kuma tun yana saurayi yake tara su: anini, ɗari, kwabo mai huda, taro, sisi, fataka, har da dalolin azurfa masu hoton wata mata, waɗanda fatake suka shigo da su ta hamada. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ƙafafu sun kumbura, gidan ya koma hannun Siddiq.

"Baba, ɗaki guda fa ƙarafan nan suka cinye," in ji Siddiq. "Kuɗin da ko gishiri ba sa saye. Ga gwangwanin madara. Ka zaɓi waɗanda suka fi daraja ka cika shi, ka riƙe abinka. Sauran mun san yadda za mu yi da su."

Tsohon ya shafa gwangwanin, ya zura hannu ya ji zurfinsa.

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, akwatunan a gefensa. Kullum Mu'azu ya sauko daga motar Abuja da yamma, nan yake tarar da shi yana zaɓe. Da ɗan yatsa yake gani. Ya shafa gaba, ya shafa baya, ya saki kuɗin a kan siminti ya kasa kunne.

"Ka ji? Azurfa ba ta yin shiru da wuri. Zo, ɗan nan, karanta mini shekarar."

Mu'azu ya durƙusa ya karanta. Da farko don kunya yake yi, daga baya ya zama har sauri yake ya dawo. Kowane kuɗi da labarinsa. Wannan sisin a albashinsa na farko ya cire shi. Wannan dalar marigayiya Yalwa, uwar Siddiq, ta ɗaura a goshi ranar da aka kawo ta. Wani lokaci tsohon ya sa kuɗi a gwangwani, ya ciro, ya mayar, sai ka ji yana ba wanda ya bari haƙuri kamar mutum.

Ranar da gwangwanin ya cika, ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo da sikelinsa ya auna sauran a ƙofar gida. Baba Datti ya juya fuska bango, ya rungume nasa.

Ranar wata Asabar aka ɗora tsohon a mashin aka kai shi kemis allura. Mu'azu na wanki a tsakar gida sai ga Siddiq da wani baƙo, Onwuka, mai sayar wa Turawa kayan tarihi a otal-otal ɗin Abuja. Siddiq ya ɗauko gwangwanin daga ƙarƙashin matashi ya juye a faranti. Onwuka ya ɗaga dala guda ya duba, ya yi fito.

"Duka masu kyau ne. Wa ya zaɓa maka?"

"Mai su," in ji Siddiq, yana dariya. "Ni ina na san na kirki da na banza? Shi ya sa na ba shi gwangwani."

Da baƙon ya biya ya tafi da kuɗin, Siddiq ya kwance wata leda cike da zagayayyun ƙarafan nan masu huda da bakanike ke sa wa noti, ya zazzage a gwangwanin ya rufe. Sai a nan ya waiwayo.

"Malam Mu'azu, madam yaushe za ta iso? Jiya ma wani ma'aikacin banki ya zo neman ɗakin nan naka. Na ce masa mutumin kirki ne a ciki, ba ruwansa da abin da bai shafe shi ba."

Mu'azu ya dubi kumfar da ke hannunsa. "Mako mai zuwa, in sha Allahu."

Da yamma ya so ya wuce zauren sumul, amma tsohon ya san takunsa.

"Ɗan nan. Zo karanta mini wannan."

Ya miƙo ƙarfe ɗaya. Sulɓi ne gaba da baya, yana warin baƙin mai. Fararen idanun tsohon suna kallon inda yake zaton fuskar Mu'azu take. Daga cikin gida ana jin rediyon Siddiq.

"Kwabo ne, Baba," in ji Mu'azu. "Ga kambi, ga sunan sarkin Ingila."

Tsohon ya daɗe bai karɓa ba. Can ya karɓa, ya saki ƙarfen a siminti. Ya yi ƙas, ya kwanta.

"Ashe kai ma idon naka ya fara," ya ce. "Je ka huta. Ka sha aiki."

Bai sake kiransa ba. Mu'azu ya riƙa yi masa sallama safe da yamma, yana amsawa kamar yadda ake amsa wa mai wucewa. Kunun da ake ajiye masa ya riƙa yin fata a kofi. Sumayya ta iso, ta yaba ɗakin, ta ce akwai iska. Ta tambayi mijinta me ke damun tsohon zaure, ya ce tsufa ne.

Ranar Alhamis da hantsi Baba Datti ya cika, Mu'azu na ofis. Kafin ya dawo har an kai shi.

A wurin zaman makoki Siddiq na tsakiya cikin sabuwar shadda, idonsa jajur.

"Abu ɗaya ke sanyaya mini rai," yake gaya wa dattawan unguwa. "Ban raba shi da abin da yake so ba. Da kuɗin nan nasa a ƙirji ya cika. Ga Malam Mu'azu nan, shi ne shaida."

Duk aka juyo.

"Haka ne," in ji Mu'azu.

"Allah Ya yi maka albarka, Siddiq," in ji wani dattijo. "Kai ma naka su yi maka haka."

Aka shafa.

Washegari da safe Mu'azu ya fito zai tari mota, ya tarar an share zauren tas, wani mai aski na auna faɗinsa da taku. An wanke tabarmar tsohon an shanya a kan katanga, ruwa na ɗiga daga gefenta. Akuyar maƙwabta ta miƙe a kan ƙafafun baya tana cin bakin tabarmar a hankali.