Goyon Ciki a Ƙofar Taramniya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Littafin ya yi wata biyu a ƙarƙashin katifa da layi ɗaya tak a cikinsa. A aji biyar na tsaya a firamare, kuma ni ba mai magana ba ce ko a cikin mata 'yan'uwana. Amma takarda ba ta kallon fuskar mutum, shi ya sa na ci gaba.

Sunana Wasila. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in da mutane kuma ta ce "waccan". Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka kakata ma ta yi da nata. Duk abin da ke tsakanina da Inna ta hannun Gwaggo Kulu yake bi, ƙanwar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama tun da mijinta ya rasu. Ita ta yi mini kitson fari, ita ta raka ni ɗakin miji a unguwar Gidan Dare. Maigidana Muntari atamfa da shadda yake sayarwa a kasuwa.

Da cikina ya shiga wata na bakwai na je awo a ƙaramin asibitin unguwarmu. Malama Rahma, nas ɗin da ke duba mu, ta ɗaura mini abin awon jini a hannu ta matsa. Ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun.

"Kanki na ciwo?"

"Kaɗan."

"Na san kaɗan ɗinku. Jininki ya hau, Wasila. Ga magani na sati biyu, in ya ƙare ki dawo. Ranar da kinka ga wuta-wuta a idonki, ko huska ta kumbura, kada ki jira kowa. Abin ga shina kashe ɗa a ciki, shina kashe uwa. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Ta yi rubutu da jan biro a katina.

A gida na ce wa maigidana an ba ni magani, ya ce Allah shi ba da lafiya. Ban ambaci hawan jini ba. A sanina ciwon tsofaffi ne, ni kuwa shekarata sha tara. Kwana uku bayan nan Gwaggo ta zo ta tafi da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Katin na sa shi a ƙasan akwati, na ɗora zannuwa a kai.

Na tarar an fara shiri. An jibge itace a bayan madafa har ya kai rabin katanga, an wanke rabin gangar da za a riƙa dafa ruwan wankan jego an kife ta. Kullum da hantsi Inna na shanya citta da masoro da kanumfari a tabarma don yaji. Ta sayi kanwa, ta sa an surfa gero buhu guda. Ko sau ɗaya ba ta faɗi dalilin wannan aiki ba. In maƙwabciya ta shigo ta ce, "Iye, shiri ya kankama," sai Inna ta ce zafin bana ya yi yawa. Ni ma ina zumbula hijabi har ƙasa a tsakar gida, cikin wannan rana ta Sakkwato, don kada ta ga cikin da duk gidan ke wa aiki.

Gwaggo ce kaɗai ta nuna mini kayan jariri, a ɗakinta, bayan ta tura ƙofa. Riguna huɗu, tawul, hula mai igiya. Na taɓa hular na ajiye. Ta ce, "Dubi ta, awa ba ta so." Ta mayar cikin kwalla ta rufe.

Maganin ya ƙare ranar wata Talata. Kafin nan silifas ɗina sun daina shiga, na Baba nake sawa in zaga. Na sami Gwaggo tana tsinke zogale na miƙa mata ƙafa. Ta danna da yatsa, wurin ya loma, ya ƙi dawowa. Ta yi dariya.

"Ƙato na za ki haiho muna, awa ubanai. Zaƙi na, ke da rake ba ku rabuwa."

"Gwaggo, an ce in koma awo."

"Mu da munka haihi tara wa ya auna mu? To, ki bari in dawo daga Gwadabawa, sai in kai ki."

Ta jiƙa mini wasu sassaƙe masu ɗaci a kwarya, ta ce safe da marece. Washegari ta tafi. Wan marigayi mijinta ne ya rasu, sai an yi sadakar bakwai za ta dawo.

Muka rage ni da Inna da ƙananan ƙannena. Baba da asuba yake fita wurin hatsi, ko yana nan ma ba a gabansa za a yi wannan zance ba. In zan fita sai na nemi izinin Inna, in na nema sai na faɗi inda za ni, in na faɗi asibiti na ambaci cikin ke nan da bakina a gabanta. Na tsara maganar a zuciyata ya fi sau goma. In na doshi ɗakinta sai in ɗauki tsintsiya.

Na taɓa rubuta wa maigidana saƙo a waya cewa kaina na ciwo sosai. Na daɗe ina kallonsa, na goge. Na san zai taho ya tambayi Inna, gida ya ɗauka na kai ƙarar ciki wurin miji tun ban ji komai ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya zo da lemo da kankana. A zaure ya tsaya, ba ya shiga gidan surukai. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Kai, tuwon Inna ya karɓe ki. Kumatun ga duk na sati biyu ne? Ni ashe horon yunwa ni ka yi miki."

"Uhm."

"Kina lahiya dai?"

"Lahiya lau."

Lokacin kaina kamar an ɗaure shi da waya ana ja. Na karɓi ledar na koma ciki.

Ranar Lahadi na tashi idanuna sun yi ƙanana a fuska. Tun daren Asabar ban ji motsi a cikina ba. Na sha ruwan randa mai sanyi na kwanta ta gefe na jira. Can ya ɗan taɓa ni sau ɗaya, a hankali, ya yi shiru. Ban ji tsoro ba. Na san ya kamata in ji, na neme shi a jikina ban samu ba. Na tashi na wanke kwanoni.

Bayan azahar ina zaune a inuwar rumfa ina tsince tsakuwa daga masoro. Inna ta zo ta zauna nesa kaɗan, ta ba ni baya, tana tankaɗe. Sannan ta yi magana, ba da ni ba, da rariyar da ke hannunta.

"Wasu mutane in da abin da ka damunsu, su hwaɗi."

A iya sanina ba ta taɓa matsowa kusa da ni haka ba. Na buɗe baki. A daidai nan wuta-wutar ta fara, ƙanana, suna yawo a kan tabarma kamar an watsa garwashi. Na tuna Malama Rahma. Na ce, "Ba komi." Inna ta ci gaba da tankaɗe. Na ga farantin ya karkace daga cinyata, masoro yana gangarawa ƙasa, na yi niyyar tarewa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farka a kan gadon ƙarfe, a babban asibiti. Harshena ya kumbura, na tauna shi. Akwai robar ƙarin ruwa a hannuna, duwawuna na zafin allura. Na kai hannu cikina na ji ya sauka, an manne ƙasansa da filasta. Daga baya na ji cewa jijjiga na yi, sau biyu a gida sau ɗaya a cikin keke napep a hanyar asibiti, aka yi mini aiki a ranar. Talata ce na farka.

Inna na zaune a tabarma gefen gadon da carbi. Da ta ga na buɗe ido ta dubi bango ta ce, "An gode Allah." Ta haɗa shayi ta riƙa ba ni a cokali, idonta a kan cokalin.

Gado takwas ne a ɗakin. Kowace mace da jaririnta a gefe, a naɗe cikin zane. Na dubi gefena na dama, na dubi na hagu. Filas ne da kofi da hijabina a ninke.

Wata nas mai gilashi ta zo ta auna ni. Katina na hannunta, wani ya tono shi daga akwati. Ta kaɗa shi a gaban Inna.

"Hajiya, ga shi da jan biro. Yarinya ta kumbura awa an hura ta, kuna gida ɗaya, ba ki gani ba?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Na gani."

"To mi kinka yi?"

Inna ta ci gaba da jan carbinta. Aka kira nas ɗin daga waje, wata na naƙuda, ta fita da sauri. Ina jin ta ɗauka an riga an gaya mini komai.

Na kwanta ina lissafi. In ya mutu, an binne shi tun Lahadi, masu shigowa za su ce Allah shi ba da mai tsayawa. In yana raye za su ce barka. Matar kawuna ta zo da kunu, ta ce, "Sannu Wasila, kin sha wuya," ta dubi Inna. Maƙwabciyarmu ma sannu ta ce. Babu wanda ya faɗi ko ɗaya daga cikin biyun.

Matar gado na kusa, mai haihuwa ta shida, ta leƙo tana ba nata nono. "Baiwar Allah, ke mi anka samu?" Inna ta tashi ta ɗauki kofi ta tafi wankewa. Na rufe ido kamar barci ya ɗauke ni.

Da la'asar aka bar maza su shigo. Maigidana ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga Inna, ya durƙusa ya gaishe ta kansa a ƙasa. Ya rame. Ya dube ni sau ɗaya, bakinsa ya motsa, sai ya ce, "Ya jiki?" Na ce da sauƙi. Ya ajiye ledar magani ya fita. Wayata tana gida, balle in tambaye shi ta saƙo.

Kafin magariba gaban rigata ya jiƙe. Na ja zane na rufe. Ban yi kuka ba, ban yi addu'a ba. Ina kallon fanka tana juyawa, ɗaya daga cikin fukafukanta a lanƙwashe. Na yi ta tunanin masoron da ya zube, ko an kwashe, ko kaji sun bi ta kai.

Washegari da safe Inna ta idar da salla tana ninke tabarma. Na dafa ƙarfen gado na tashi zaune, ɗinkin ya ja ni kamar zai yage. Na sauko da ƙafa ɗaya, na sauko da ɗayar. Harshena bai gama warkewa ba, maganar ta fito a dagule.

"Inna, ina abin da na haihwa? Shina da rai?"

Inna ta tsaya da tabarma a hannu. Ta dube ni a ido.

"Mace ce. Tana kwalba. Likita ya ce ba a sani ba tukuna."

"Kai ni."

Ta ajiye tabarmar ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatata. Muka bi baranda a hankali, ina tsayawa ina riƙe bango. A ƙofar ɗakin jarirai aka ce mu cire takalmi, uwa kaɗai ke shiga. Inna ta sake ni.

Nas ɗin ciki ta nuna mini akwatin gilashi na uku. Tana kwance rigingine, ba ta fi tsawon tafin hannuna biyu ba, da siririyar roba a hanci. Ƙirjinta na ɗagawa yana sauka da sauri. Na tsaya ina jiran in ji wani abu, ban ji ba.

"Ke ce uwar bakwainin ga? Kwana uku muna jiran nononki. Wanke hannu."

Na wanke. Ta ba ni ƙaramin kofi ta nuna mini benci. Na zauna, na buɗe rigata, na fara tatsa.