Dunƙulen gashi a bargon Dije

Ciwon gwiwar matata Dije ne ya kai mu Alƙahira neman magani. Ɗanmu Atiku yana koyarwa a can, yana zaune a unguwar Abbasiya da matarsa Hadeel da jaririnsu Munzir. Hadeel 'yar Sudan ce, amma kakanninta Hausawa ne da suka nufi Makka a ƙasa, suka yada zango a hanya ba su ƙara tashi ba. Hausarta tana nan, sai dai da ramuka a ciki, tana cike su da Larabci.

Sanyin Janairu ya tarbe mu, irin mai shiga ƙashi. Hadeel ta shimfiɗa wa Dije wani farin bargo mai kauri, an ɗinke shi gida-gida. Na ɗaga shi na ji ba nauyi. Na matse shi a hannu ya ƙanƙance, na sake shi ya taso a hankali kamar mai numfashi. Na ɓata hantsi guda ina matsawa ina sakewa, har Dije ta ce in bar mata abinta, ba kyanwa ba ce. Ita ta ɗauka audugar rimi ce a ciki, irin ta matasanmu na gida.

Dije ba ta rufa da abin da hannunta bai wanke ba. Ranar Alhamis da Hadeel ta kai yaron rigakafi, ta jiƙa bargon a baho da omo, ta sa na kama gefe ɗaya muka murɗe shi, ta ninka shi biyu a igiyar baranda. Rana ba ta shiga barandar nan, dogon benen da ke gabanmu ya tare ta.

Washegari da safe bargon ya zama tsumma. Ya kwanta shafal, yana warin akurkin kaji bayan ruwan sama, kuma a kowane gida akwai wani abu mai tauri kamar ƙwai. Dije ta lalluba, ta sake lallubawa. Ta ɗauko reza ta farke gida ɗaya. Abin ya faɗo mata a tafin hannu: dunƙulen gashin tsuntsu, jiƙaƙƙe, ruwan toka, a cure kamar an ƙulla shi da gangan.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a bakin gado ta dafa gwiwarta.

"Malam, ka tuna Goggo Husseina?"

Na tuna. Ƙanwar mahaifinta ce. An taɓa samun irin wannan ƙullin a matashinta, ƙafarta kuma ta shanye har ta rasu. Duk garin sun ce sammu ne.

"Tun da muka zo allura ake yi mini, kumburin ƙafar nan bai sauka ba," in ji Dije. "Yanzu na gane."

Na ce ta bari a tambaya. Ta ce za a tambaya. Ta naɗe dunƙulen a gefen zanenta, ta jawo akwatinta ta fara zuba kaya.

Atiku ya dawo daga masallacin Juma'a ya tarar da akwatin a tsakar falo. Dije ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai wannan, kira mini matarka."

Hadeel ta fito daga kicin da Munzir a kafaɗa, tana murmushi. Idonta ya faɗa kan bargon da ke yashe a ƙasa, murmushin ya tafi.

"Ya Allah! Umma, wanke shi kika yi?"

"Ni zan yi tambaya. Mene ne a cikin bargon nan?"

"Gashi ne, Umma."

"Kin san da shi ke nan."

"Ni na zaɓe shi da hannuna. Shago uku na shiga. Na ce ba na son mai tsinke, sai mai laushin nan na ƙasa-ƙasa, saboda ke."

"Saboda ni." Dije ta juya ga ɗanta. "Ka ji da kunnenka."

"Umma, ba abin da kike nufi take nufi ba."

"Gashin wa?" Dije ta tambaya, ba ta ko kalle shi ba.

Hadeel ta buɗe baki, kalmar ta ɓace mata. "Na... na wizza. Ya ake cewa? Habibi, ya ake cewa?"

"Wace ce Wizza? Ita ce mai yi muku aikin asirin?"

"Tsuntsuwa ce, Umma," in ji Atiku. "Dinya. Babbar agwagwa. Gashin ƙirjinta ake tarawa, shi ke riƙe ɗumi."

Dije ta kwance gefen zanenta ta ajiye dunƙulen a kan tebur. "Agwagwa ce ta ƙulla wannan? Ni ba yarinya ba ce. Yau zan bar gidan nan. In kai ɗana ne, ka san abin da za ka yi da ita kafin in sauka ƙasa."

Atiku ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa. Na san ɗana. Bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba, kuma na ga Hadeel ma ta san haka.

Sai a lokacin ta fahimci abin da ake zarginta da shi. Fuskarta ta canza. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta baje jiƙaƙƙen bargon a ƙasa, ta sauke Munzir daga kafaɗarta ta kwantar da shi a tsakiya. Ta ɗauki dunƙulen daga tebur ta sa masa a ƙirji, ta ja gefen bargon ta lulluɓe shi har wuya.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "In sharri ne, ya fara da nawa."

Sanyin ya taɓa yaron, ya callara ƙara. Ban san lokacin da Dije ta tashi ba. Matar da sai an riƙe ta take miƙewa, sai ga ta a ƙasa ta fizge jikanta ta tura shi cikin mayafinta.

"Kin haukace? Abu sharkaf da ruwa! Mura za ki sa wa maigidana!"

Tana jijjiga shi tana huci. Ita da kanta ta ji abin da ta faɗa: ruwan ta tsorata, ba ƙullin ba.

Dunƙulen ya gangaro kusa da ƙafata. Na ɗauka na kai shi bakin hitar da ke ɗumama falon ina murza shi a hankali, don ina son in ga cikinsa. Babu zare, babu laya, babu allura. Da ya sha ɗumi sai ya fara buɗewa, har ya cika mini hannu biyu. Wani sili ya tashi da kansa ya yi ta yawo a falon, ya je ya sauka a kan ɗankwalin Dije.

Ta kalle shi da gefen ido. "To me ya sa yake wari?"

"Bai bushe ba ne, Umma," in ji Hadeel. "Rigarsa kawai ake cirewa a wanke. Shi kansa ba a murɗe shi. In ya jiƙe sai a baje shi inda iska take, ana girgizawa ana warware shi da yatsu, har ya bushe ƙarau."

"Da kin faɗa."

"Da kin tambaya."

Atiku ya rufe ido. Amma Dije sai ta yi tsaki kawai ta miƙa masa yaron.

Da la'asar muka hau rufin bene, inda rana take. Hadeel ta ɗinke gidan da aka farke, su biyun suka zauna a tabarma, bargon a kan cinyoyinsu, kowace tana bin nata gefen gida-gida tana warwarewa. Can Dije ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke, ɗinkin nan naki bai yi ba. Miƙo allurar."

Akwatin yana tsakar falo har magariba. Da muka sauko na ja shi ɗaki, ba wanda ya hana ni.